Mijin maƙwabciyata ya dawo, nawa bai dawo ba: ina alherin Allah a nan?

Tambaya: Baba Pasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. 'Yan bindiga sun tare hanya sun kwashi mijina tare da wani ɗan ikkilisiyarmu, mijin maƙwabciyata, suna dawowa daga kasuwa. Ikkilisiya ta yi azumi da addu'a, muka sayar da gona da babur, dangi suka haɗa abin da ya samu, aka kai kuɗi. Wancan ya dawo gida. Nawa an kashe shi a daji, ko gawarsa ba mu gani ba. Ranar Lahadi aka yi sujadar godiya, wanda ya dawo ya ba da shaida cewa Allah ba ya barin nasa, ana rawa ana guɗa, ni kuwa ina zaune da yara huɗu. Daga baya wata mata a zumuntarmu ta ce mini da na riƙe bangaskiya da kyau da ba haka ba. Tun ranar na kasa addu'a. Baba, alherin Allah ya tsallake gidana ne? Ina zan sami ƙarfin riƙe yaran nan? Kuma da wannan ɗacin da ke zuciyata, ya halatta in ci Jibin Ubangiji?

Amsa: 'Yata, yaya haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran. Ba ki faɗi garinku ba, ba kuwa sai kin faɗa ba, domin daga kudancin Kaduna zuwa Filato, daga Zuru zuwa Michika, akwai mata da yawa da za su karanta tambayarki su ɗauka su suka rubuta ta.

Bari in fara sauke miki kayan da matar nan ta ɗora miki. Abin da ta faɗa ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce. Wataƙila ba da mugun nufi ta faɗa ba. Mutane kan yi irin wannan magana ne don su kwantar da nasu tsoron: in laifinki ne, to su da suke ganin bangaskiyarsu da ƙarfi sun tsira ke nan. Amma ko da wace niyya ta faɗa, ƙarya ce, kuma ina so ki gani da idonki, kada ki tsaya ga cewa Baba Pasto ya faɗa.

Buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Sarki Hirudus Agaribas, jikan Hirudus ɗin nan da ya sa aka karkashe jarirai a Baitalami, ya tasar wa ikkilisiyar Urushalima, gab da mutuwarsa a shekara ta 44 bayan haihuwar Almasihu. Ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna, ya sa aka sare shi da takobi. Da ya ga abin ya yi wa wasu daɗi, sai ya kama Bitrus ma, ya sa sojoji 16 su riƙa gadinsa huɗu-huɗu. A daren da za a wayi gari a fito da shi, yana barci tsakanin sojoji biyu, ɗaure da sarƙa biyu, mala'ika ya zo ya tashe shi, sarƙoƙin suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, ya fita. Mutum biyu, ikkilisiya ɗaya, sarki ɗaya, lokaci ɗaya. Ɗaya ya dawo, ɗaya bai dawo ba. Gidanki da na maƙwabciyarki ke nan a rubuce, tun shekaru kusan 2,000 da suka wuce.

To, wa zai buɗe baki ya ce Yakubu ƙaramin mai bi ne? Shi da Bitrus da Yohanna su uku ne Yesu ya shiga da su ɗakin 'yar Yayirus, su ya hau dutse da su ranar da kamanninsa suka sāke, su ya ja kusa da shi a Getsamani. Duk da haka aya ɗaya tak Luka, marubucin littafin, ya ba mutuwarsa, bai kuma faɗi dalili ba.

Sai ki duba masu addu'ar da Allah ya amsa musu. Suna taruwa a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus, suna roƙo domin Bitrus. Ga Bitrus a ƙofa yana ƙwanƙwasawa. Wata baranya mai suna Roda ta gane muryarsa, don murna ba ta buɗe ba, ta ruga ciki ta faɗa. Me suka ce mata? Suka ce ta haukace. Da ta nace, suka ce ai mala'ikansa ne. Shi kansa Bitrus, lokacin da yake bin mala'ikan, tsammani yake wahayi yake gani. Waɗannan su ne jarumawan bangaskiyar da aka ce ƙarfin addu'arsu ya buɗe kurkuku. Suna roƙon abu, ya zo har ƙofa, ba su yarda ba. In da nauyin bangaskiyar masu roƙo ake aunawa kafin a buɗe ƙofa, da Bitrus ya kwana a ciki. Kada kuma ki manta, shi ma ƙarin kwana kawai ya samu. Yesu ya riga ya nuna masa irin mutuwar da zai yi a Yohanna 21, tarihin ikkilisiya kuma ya ce a Roma aka kashe shi a zamanin Nero. Yohanna kuwa, wanda aka sare wa ɗan'uwa, shi ne daga baya ya rubuta cewa Allah ƙauna ne. Da bakin wanda aka yi wa rashi maganar ta fito.

Ibraniyawa sura 11 ta ƙara fito da abin fili. Mukan karanta farkonta da daɗin baki, mu tsaya a aya 33 da 34 inda aka ce ta wurin bangaskiya waɗansu suka rufe bakin zakoki, suka tsere wa kaifin takobi. Amma gangara zuwa aya 37: waɗansu an jejjefe su da duwatsu, an tsaga su da zarto, an kashe su da takobi. Takobi ɗaya, wasu sun tsere masa, wasu ya ci su. Aya 39 ta haɗa su duka wuri ɗaya ta ce an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Ba a raba layi biyu ba. Yohanna Mai Baftisma ma, yana kurkuku, shakka ta kama shi har ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan ko a sa ido ga wani. Yesu bai fito da shi ba, an fille masa kai a can. Amma a ranar da tambayar shakkar ta iso, a ranar Yesu ya shaida wa taro cewa cikin waɗanda mata suka haifa ba a taɓa yin wanda ya fi shi ba.

Mu a ƙasar nan ba ma bukatar zuwa Urushalima mu ga wannan. A daren 14 ga Afrilu, 2014, aka kwashi 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne. 57 suka kuɓuta tun a farko, aka sako 21 a Oktoban 2016, aka sako 82 a Mayun 2017, waɗansu kuwa har yau iyayensu na jira, wasu iyayen ma sun mutu suna jira. Benci ɗaya iyayen suke zama a majami'a, azumi ɗaya suka yi. Wa zai shiga Chibok ya ce wa uwar da 'yarta ba ta dawo ba ita ce addu'arta ta gaza? A watan Oktoban wannan shekara ta 2014 aka mamaye hedikwatar ikkilisiyar kanta a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi ƙaura zuwa Jos na wani lokaci. Sai kuma Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na Michika, wanda aka kama a farkon Janairun 2020. A faifan bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, ya nuna bai karaya ba, domin kowane hali mutum ya sami kansa a hannun Allah yake. Ya ce da alherin Allah zai sāke haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa, in kuwa ba a ba shi wannan dama ba, wataƙila nufin Allah ke nan. Kiristoci a faɗin duniya suka yi masa addu'a. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Ki lura da yadda ya riƙe abu biyu tare: yana sa zuciya ga kuɓuta, amma dogararsa ba a kan kuɓutar take rataye ba. Haka Shadrak da Meshak da Abednego suka amsa wa Nebukadnezzar a Daniyel 3: Allahnmu yana da iko ya cece mu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba.

Game da sujadar godiyar nan, zan faɗi ra'ayina ko da wasu abokan aikina ba za su ji daɗi ba. Wanda ya dawo ya yi daidai da ya gode, kuma ya kamata ikkilisiya ta taya shi murna. Amma kalmar da ya ɗora a kai, cewa Allah ba ya barin nasa, a gaban gwauruwar abokin tafiyarsa, ta bar tambaya a iska: wanda bai dawo ba fa, ba nasa ba ne? Aikin mai jagorar sujada ne ya tashi a wannan lokacin ya ambaci sunan mijinki, ya ce wannan ma na Ubangiji ne, a tsai da ganga a yi kuka tare da ke. Romawa 12:15 ta umarce mu da abu biyu, murna da masu murna, kuka da masu kuka, mu kuwa mun ƙware a na farko. Lokacin shaida a majami'unmu ya zama na wanda ya warke, wanda ya sami aiki, wanda ya sayi mota. Wanda Allah ya riƙe shi cikin rashi bai ga fuskar tashi ya yi magana ba. A hankali yaranmu suka tashi da tunanin cewa alherin Allah shi ne abu ya tafi daidai.

To, in ba a kuɓuta ake gane alherin Allah ba, a ina ake gane shi? Littafi Mai Tsarki wuri ɗaya yake nuna mana da yatsa: gicciye. Romawa 5:8 ta ce Allah ya tabbatar mana da ƙaunarsa da yake tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Wannan abu ne da ya riga ya faru a wajen birnin Urushalima a zamanin Bilatus, babu ɗan bindigar da zai koma baya ya warware shi. Afisawa 2:8 da 9 kuma sun ce ta wurin alheri aka cece mu, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba. Mun yarda da wannan a kan zunubi, amma da wahala ta zo sai mu koma ciniki: na yi azumi kwana kaza, na ba da zakka, na shuka iri, saboda haka Allah ya biya ni. In ya zama ciniki, to wanda bai samu ba shi ne bai biya daidai ba. Nan ne tushen maganar matar zumuntarku. Ki kuma yi hankali da masu zuwa yanzu su ce akwai la'anar gida da za a karya in kin kawo kaza. Gwauruwa mai yara huɗu ba ta da abin da za ta ba irin waɗannan.

Ki tuna kuma cewa Ɗan Allah da kansa ya roƙi kuɓuta. A Getsamani sau uku ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ba a ɗauke ba. An kama shi da dare, da takuba da kulake, an yi masa ba'a, an kashe shi a bainar jama'a, yana kuka da kalmomin Zabura 22, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Duk abin da mijinki ya gani a dajin nan, bai gan shi shi kaɗai ba, Mai Cetonsa ya riga ya bi ta wannan hanya. Amsar da Uban ya bayar ba ta zo ranar Juma'a ba, ta zo ranar Lahadi da asuba. Bangaskiyarmu gaba ɗaya a kan wannan take tsaye, har Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 15 in a wannan rai kaɗai muke sa zuciya ga Almasihu, mun fi kowa zama abin tausayi. Shi ya sa da yake lissafa abubuwan da ba za su iya raba mu da ƙaunar Almasihu ba a Romawa 8, ya sa takobi a ciki da sunansa. Bai ce takobi ba zai zo ba. Cewa ya yi ba zai raba ba.

Na san rashin gawa yana da nasa ciwo daban. Ba kabarin da za ki nuna wa yara, zuciya kuma takan riƙa raya miki ko yana nan da rai. Ki roƙi pastonku a yi sujadar tunawa da shi sosai, da wa'azi da waƙa da dangi, kamar yadda za a yi in da gawa, domin yaran suna bukatar ranar da za su riƙe. Amma ta wajen Allah babu wanda ya ɓata. Musa ma ba wanda ya san kabarinsa, sai ga shi a kan dutse yana magana da Yesu. Wahayin Yohanna 20:13 ya ce teku ma zai ba da matattun da ke cikinsa. Daji ba zai fi teku riƙo ba.

Za ki ce, na ji, amma don me? Littafi bai ba da dalilin mutuwar Yakubu ba, ni ma ba zan ƙirƙiro miki na mijinki ba. Abokan Ayuba sun yi kyau kwana bakwai da suka zauna shiru a ƙasa tare da shi. Da suka fara bayani suka ɓata, har Allah ya ce a sura 42 ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar bawansa Ayuba, shi da ya yi ta ƙorafi. Da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kada a zaci sun fi sauran zunubi. Abin da zan iya faɗa da ƙarfi shi ne, mugaye ne suka kashe mijinki, mugunta ce, Allah kuma bai kira ta da wani suna mai daɗi ba. Masu ce miki "haka Allah ya so" su yi a hankali, kada su wanke mai laifi su shafa wa Allah. Ɗaukar fansa ta Ubangiji ce, zai kuwa yi shari'a. Ki kuma tsare zuciyar yaranki daga ƙin wata ƙabila ko wani addini gaba ɗaya. Irin waɗannan 'yan bindigar sun mai da matan Musulmi masu ɗimbin yawa gwauraye a Zamfara da Katsina da Sakkwato, kukansu da naki iri ɗaya ne.

Yanzu maganar addu'a. Kin ce kin kasa. Ina zaton abin da kika kasa shi ne irin addu'ar da muka saba, mai farawa da godiya da kirari. Amma kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura makoki ne. Karanta Zabura 88 a daren nan. Mai waƙar ya ce Allah ya sa shi cikin rami mafi zurfi, ya tambaye shi don me ya ɓoye fuskarsa, ya kuma rufe waƙar da cewa an raba shi da masoyansa, duhu ne abokinsa. Babu "amma na gode" a ƙarshe. Ruhu Mai Tsarki ya bar ta haka a cikin Littafi, Isra'ila kuma ta rera ta a sujada. Wanda yake yi wa Allah ƙorafi bai rabu da shi ba, ai da shi yake magana. In ma wannan ta fi ƙarfinki, Romawa 8:26 ta ce lokacin da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Ke uwa ce, kin san goyo. Yaron da ke bayanki yakan kama rigarki in yana farke, amma in barci ya kwashe shi ko zazzaɓi ya kama shi, hannuwansa sukan saki. Bai faɗi ba, domin tun farko ba riƙonsa ne ya tsare shi ba, zane ne da majanyin da kika ɗaure. A Ishaya 46:4 Allah ya ce shi ya yi mu, shi zai ɗauke mu har furfura. A Yohanna 10 Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Hannunsa ya ambata, ba namu ba.

Sai tambayar ƙarfi. Za ki ji ana ce miki Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Daga 1 Korintiyawa 10:13 ake jawo wannan, amma in kin karanta surar za ki ga a kan gwajin faɗawa zunubi ne, musamman bautar gumaka. Game da wahala kuwa, Bulus ɗin nan ya rubuta a 2 Korintiyawa 1:8 cewa a ƙasar Asiya an danne su fiye da ƙarfinsu, har suka fid da zuciya ga rayuwa. Manzo ne fa yake faɗar haka. Saboda haka in kin ji abin nan ya fi ƙarfinki, gaskiya kika ji, ya fi. A sura 12 ya ba da labarin ƙayar da ke jikinsa, wadda ya roƙa sau uku a cire. Amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, domin a cikin rashin ƙarfi ake ganin cikar ikonsa. Ƙayar tana nan, Bulus yana nan, aiki bai tsaya ba. A aikin kiwon ikkilisiya na zauna da gwauraye da dama, ban kuwa taɓa jin wadda ta ce ƙarfi ya sauko mata a dare ɗaya ba. Abin da sukan ce shi ne, "Baba, ban san yadda aka yi shekarar nan ta wuce ba." Na yini ɗaya ake ba su. Isra'ilawa a jeji ba a ba su manna ta wata guda ba, ta yau kawai, wanda ya ɓoye ta gobe kuwa ta yi tsutsa. Ke yanzu in kin kwanta kina lissafin kuɗin makarantar yara huɗu har jami'a, dole numfashi ya ɗauke. Ba a ba ki alherin shekara 15 a daren yau ba. Maganar nan ta Makoki 3, cewa jinƙansa sabo ne kowace safiya, a tsakiyar kufai aka rubuta ta, bayan Babila ta rushe Urushalima.

Kada ki raina jiki a cikin wannan. Da annabi Iliya ya gudu daga Yezebel ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, Allah bai fara masa da wa'azi ba. Mala'ika ya kawo masa gurasa da tulun ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sāke tashinsa ya ci. In watanni sun wuce ba kya barci, ƙarar babur tana sa gabanki faɗuwa, abinci ba ya shiga, ko tunanin kashe kanki yana zuwa miki, ki gaya wa wani a yau, ki kuma je asibiti. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware, ikkilisiyoyi da dama kuma suna shirya zaman warkar da raunin zuciya. Zuwa wurinsu ba rashin bangaskiya ba ne. Ki sa ido a kan yaran ma, musamman wanda ya yi shiru fiye da da.

Mafi yawan ƙarfin da Allah yake bayarwa ta hannun mutane yake zuwa, shi ya sa sau da yawa ba ma gane shi. Na'omi ta koma Baitalami ba miji ba 'ya'ya, ta ce wa matan gari ta fita a cike, Ubangiji ya komo da ita hannu wofi. Tana faɗar haka Rut, matar ɗanta, tana tsaye a gefenta. Ba mala'ikan da ya bayyana a littafin Rut, ba al'ajibi ko ɗaya. Abin da ya ciyar da su shi ne dokar kala, wadda ta hana mai gona ya girbe har gefe ko ya koma ya tsince abin da ya zuba, domin rabon gwauruwa da maraya da baƙo ne, sai kuma Bo'aza da ya ce wa masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dami suna bar mata. Rut ma baƙuwa ce daga Mowab, wato taimako yakan fito daga inda ba a zata ba. Ki tuna kwanakin makokinki. Na tabbata kin ga matan zumunta sun shigo da anko ɗinsu, wata da mudun masara a ƙullin zane, wata da itace a ka, wata ta wuce madafa ba ta tambayi kowa ba ta hura wuta, wata ta ɗauki autanki ta goya. A cikinsu har da mai maganar da ta ƙona ki, haka ikkilisiya take. Matsalar ita ce bayan sati biyu kowa yakan koma harkarsa. Daga nan sai ke ki buɗe baki. Kula da gwauraye ba alfarma ba ce a ikkilisiya. A Ayyukan Manzanni 6, saboda an yi sakaci da rabon abincin gwauraye ne aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, Yakubu 1:27 kuma ta sa kula da marayu da gwauraye a cikin ma'anar addini mai tsarki. Ki sami shugabar zumunta ku je wurin pasto da dattawa tare, ki faɗi bukata da sunanta: kuɗin makarantar wane, aron gona a daminar nan, jarin da za ki fara sana'a. In dangin miji sun fara maganar gida ko abin da ya rage, kada ki zauna da su ke kaɗai, ki nemi dattawa biyu su zauna tare da ke, a kuma rubuta abin da aka yanke.

Jibin Ubangiji kuwa, ki ci. Gargaɗin 1 Korintiyawa 11 a kan ci da rashin cancanta an yi shi ne ga masu hali da suke cinye abinci su bugu, su bar matalauta da yunwa da kunya. Ba a yi shi domin mace mai karyayyar zuciya ba. Waɗanda suka ci na farko daga hannun Yesu, a daren nan suka watse suka bar shi, ya kuwa san za su yi haka ya miƙa musu. In ɗacinki a kan Allah ne, ki zo da shi teburin ki gaya masa. In a kan matar nan ne, ki same ta tare da shugabar zumunta ki ce mata maganarta ta yi miki ciwo, kada ki bar shi ya ruɓe a ciki. Maƙwabciyarki da mijinta kuma, ba dole ki tilasta wa kanki shiga gidansu yanzu ba. Amma ki sani, waɗanda suka dawo daga daji sukan ɗauki nauyin da ba sa faɗa a lokacin shaida, sau da yawa kunyar haɗa ido da iyalin wanda bai dawo ba takan hana su zuwa gaisuwa. Mijin maƙwabciyarki kuma shi ne mutumin da ya ga kwanakin mijinki na ƙarshe. Ranar da kika ji za ki iya, ki roƙi pasto ya kira shi ku zauna ku uku, ki tambaye shi abin da kike so ki sani, a kuma rubuta abin da ya dace a ajiye wa yaran har su girma.